Kotun Gwaji: Gasar da Ɗaliban Sakandaren Gombe Suke Buƙata

A Tashar Dukku, ko a bakin Babbar Kasuwar Gombe, idan wani ya ɗaga murya ya ce "Ɓarawo!", kafin ka ƙifta ido wuri ya cika. Wannan ya rarumo gora, wancan ya ɗauko dutse, mai acaɓa ya kafe babur ya kutso. Wanda ya iso daga baya ba ya tambayar abin da aka sata, balle wanda ya gani da idonsa. Hannu kawai yake sawa. In yaron yana da sauran shan ruwa a gaba, wani dattijo ko ɗan sanda zai ratsa ya ƙwace shi. In ba haka ba, sai dai a ji labari a rediyo da yamma. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya dubi fuskokin masu dukan ya san da yawansu samari ne, waɗansu ba su daɗe da barin bencin makaranta ba, waɗansu ma har yanzu suna kansa.

Kuma an koya musu ilimin zama ɗan ƙasa a aji. Sun haddace cewa sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa a gaban kotu. Sun rubuta a jarrabawa, sun ci maki. Haddar dai ba ta biyo su kasuwa ba, don ba su taɓa ganin yadda ake tabbatar da laifi ba. Ba a taɓa sa ɗayansu ya tsaya ya kare mutumin da kowa ya riga ya tsana ba, ba a taɓa tsare shi da tambaya a kan abin da ya ce ya gani ba.

Akwai wata gasa da waɗansu ƙasashe suka daɗe suna yi wa ɗaliban sakandare, wadda aikinta ke nan. Ita ce gasar kotun gwaji. Ina ganin Gombe tana da duk abin da ake buƙata don yin ta, kuma tana da dalilan yin ta fiye da wurare da yawa.

Yadda ake yin ta

Masu shirya gasar, galibi lauyoyi da malamai, sukan ƙago shari'a guda. Su rubuta takardar tuhuma, bayanan shaidu na kowane ɓangare, da abubuwan da za a gabatar a matsayin hujja, kamar rasit, hoto ko rahoton likita, sannan su haɗa da sassan dokar da suka shafi maganar. A raba wa kowace makaranta kundi iri ɗaya, a ba ta makonni ta shirya. A tsarin Amurka, kowane ɓangare yana fitowa da ɗalibai uku a matsayin lauyoyi, uku a matsayin shaidu. Ranar gasa, alƙali na gaske ko babban lauya shi ne zai zauna a kujera. Za a yi jawabin buɗe ƙara, kowane ɓangare ya kira shaidunsa, ɗaya ɓangaren ya yi musu tambayoyin titsiye, a rufe da jawabin ƙarshe, kowane mataki da mintunansa ƙayyadaddu.

Abu biyu ne suka raba ta da wasan kwaikwayon da muka saba yi ranar rabon kyaututtuka. Na farko, babu rubutaccen zance da za a haddace daga farko har ƙarshe, domin ba ka san tambayar da ɗalibin wata makaranta zai jefo maka ba. Shaida ba shi da ikon ƙaro wani muhimmin abu da babu shi a bayaninsa, amma dole ya amsa duk abin da aka tambaye shi, nan take, a gaban jama'a. Na biyu, kowace makaranta sai ta shirya ɓangarorin biyu. Da safe kana gabatar da ƙara, da rana kana kare wanda ka tuhuma ɗazu. Kuma ba wanda alƙali ya ba gaskiya ne lalle yake cin gasa ba. Maki ake ba kowane ɗalibi a kan iya tambaya, sanin ƙa'ida, natsuwa da ladabi ga kotu.

A Amurka an fara gasar ƙasa ta 'yan sakandare a 1984 a birnin Des Moines na jihar Iowa, da jihohi biyar kacal. Yanzu kowane watan Mayu zakarun jihohi ne suke haɗuwa, har da baƙi daga Koriya ta Kudu a waɗansu shekaru. A Birtaniya an fara ta 'yan shekara 15 zuwa 18 a 1991, kuma a cikin ɗakunan kotu na gaske ake yin ta, gaban alƙalai na gaske. Wadda ta fi kusa da halinmu ita ce ta Afirka ta Kudu, da aka fara a 2011 da ƙoƙarin marigayi Farfesa Christof Heyns na Jami'ar Pretoria. Ita babu kiran shaidu a cikinta, muhawara ce a kan doka irin ta kotun ɗaukaka ƙara. Ɗalibai sukan fara da rubuta hujjojin ɓangarorin biyu, a tace a matakin lardi, a yi zagayen ƙarshe a Kotun Tsarin Mulki da ke Johannesburg. Ƙasar da ta fito daga mulkin wariyar launin fata ta ga cewa in ana son tsarin mulki ya zauna, sai yara sun riƙa jayayya da shi a bakinsu.

A Najeriya ma ba baƙon abu ba ne, sai dai ya fi zama a sama. Ɗaliban lauya a jami'o'i suna yi, haka a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda take da rassa a Bagauda ta jihar Kano da kuma Yola. Wato wanda ya riga ya zaɓi aikin lauya shi yake samu. Wanda zai zama tela, direba, ɗan sanda, mai unguwa ko ɗan kasuwar Tudun Hatsi, shi ne ba ya samu, alhali shi ne zai tsinci kansa a tsakiyar taron da ake dukan wani.

A ce an yi ta a Gombe

Bari mu ƙaddara shari'ar da za a ba su. An sace wayar wata mata a tasha da almuru. Kwana biyu bayan haka aka ga wayar a hannun wani yaro mai gyaran waya, shi kuwa ya ce wani ne ya kawo masa gyara, bai dawo ba. Babban shaidan masu ƙara mai shayi ne da ya ce ya ga yaron yana gudu. Ɗaliba 'yar aji biyar, wadda take kare yaron, ta miƙe.

"Malam, ka ce bayan magariba ne?"

"Ƙwarai."

"Akwai wuta a tashar a daren?"

"An ɗauke."

"Lokacin da aka yi ihu, me kake yi?"

"Ina haɗa wa wani shayi."

"To fuskarsa ka gani, ko bayansa?"

"Bayansa na gani. Amma kowa ya ce shi ne."

"Ya mai shari'a, ina roƙon kotu ta yi watsi da wannan magana ta ƙarshe. Shaida yana faɗin abin da ya ji ne a bakin mutane."

Alƙali ya amince. A cikin minti guda, ɗaliban da suka cika ɗakin sun ga abin da littafi ya kasa nuna musu: mutum yana iya zama mai gaskiya, ba ya nufin kowa da sharri, amma abin da ya gani bai kai abin da yake tsammanin ya gani ba. Dokar Shaida ta 2011 ta hana karɓar ji-ta-ji-ta, ta kuma ɗora wa mai tuhuma nauyin tabbatar da laifi har ya zama babu sauran shakka mai ma'ana. Yaron da ya ga an zare "kowa ya ce" daga cikin hujja, da wuya ya manta.

Bayan an sha ruwa sai a juya. Ita ɗalibar nan yanzu ita ce mai gabatar da ƙara. Dole ta tsaya wa matar da aka raba da wayarta, wadda wataƙila jarinta ke ciki. Dole ta tambayi mai gyaran waya ina littafin da yake rubuta sunayen masu kawo gyara, me ya sa ya cire layin, me ya hana shi kai wa shugaban 'yan kasuwar rahoto. Nan za ta gane cewa wanda aka zalunta shi ma yana da haƙƙin da ba a wasa da shi. Wannan juyin shi ne zuciyar gasar, kuma shi ne abin da muhawarar makaranta, wadda yaro yake riƙe ɓangare ɗaya ya yi ta zuba Turanci, ba ta bayarwa.

A hanya kuma za su tsinci abubuwan da za su yi musu rana. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauya, da aka kafa tun 1976 domin marasa hali. A ƙasar da kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, wannan ilimi ne da gida guda zai iya tsira da shi.

Gadonmu ne

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce, ta masu baƙar riga da farar hular gashi. Wanda ya zauna a zauren malaman fiƙihu ba zai faɗi haka ba. Ƙa'idar cewa mai da'awa shi ke kawo hujja, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa, almajirai sun san ta tun kafin Bature ya zo. Wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari a kan alƙalanci ta yi umarni a daidaita masu jayayya a wurin zama da kallo, don kada babba ya sa rai da son kai, kada kuma mai rauni ya fid da rai da adalci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano wajen 1806 saboda shugabanni da alƙalai su san iyakarsu. Alƙalan ƙasar nan sun tashi da karatun Tuhfa ta Ibn Asim.

Sannan ga i'izari. A shari'ar Malikiyya, bayan an gama jin shaidu, kafin alƙali ya yanke hukunci, wajibi ne ya juya ga wanda hukuncin zai hau kansa ya tambaye shi ko yana da sauran magana, ko wata hujja, ko suka a kan shaidun da aka kawo. Sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ni da shi," sannan a yanke. Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda kawai an tsallake wannan mataki. Duba girman abin: ko da alƙali ya gamsu, ko da shaidu sun cika, ba a rufe bakin mutum sai shi ya ce ya gama. Al'ummar da ta gaji wannan ba ta da uzurin barin 'ya'yanta su yanke hukunci da gora.

Don haka gasar Gombe bai kamata ta zama kwafin ta Amurka ba. Mu ba mu da tsarin masu taya alƙali yanke hukunci irin nasu, kuma muna da kotuna iri biyu da talaka yake shiga. A yi rukuni biyu. Ɗaya a bi tsarin kotun majistare da babbar kotu, da shari'ar laifi. Ɗaya a bi tsarin kotun alƙali, da shari'ar gado, iyakar gona, bashi ko riƙon yaro, waɗanda su ne suke cika kotunanmu kullum. Ɗalibin makarantar Arabiyya da ya karanta Risala da Askari zai sami filin da zai nuna abin da ya sani, ɗalibin kimiyya kuma ya koya daga gare shi. Iyayen da suka kalli Kuliya Manta Sabo a talabijin sun san yadda zaman kotu cikin Hausa yake tara jama'a.

Raunukan da muke ɗauke da su

Dole a faɗi abin da ba a son tunawa. A watan Maris na 2007, a wata makarantar sakandaren gwamnati a cikin garin Gombe, an kashe wata malama ana tsakiyar jarrabawa, bayan an zarge ta da wulaƙanta Alƙur'ani. Ɗalibai suna cikin waɗanda suka yi. Ba a kai ta gaban alƙali ba, ba a kira shaida ba, ba a ji ta bakinta ba. Babu mazhabar da ta ba ɗan aji huɗu ikon zartar da hukunci, kuma girman abin da ake zargi ba ya sauke wajibcin bincike, ƙara shi yake yi. A shekarar ce kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan ta'addancin siyasa a Najeriya, inda ta ware wa Gombe da 'yan Kalare sashe guda: samari da 'yan siyasa suka ɗauka haya, suka koya musu cewa adda ita ce hujja.

Mun kuma ɗanɗana abin daga ɗaya gefen. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da suke hanyar komawa Kano yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Duk Arewa ta yi kuka, kuma tambayar da kowa ya yi daidai ce: me ya sa ba a miƙa su ga hukuma ba, me ya sa ba a saurare su ba? Tambayar nan ita ce ya kamata yaranmu su iya yi ko da wanda ake zargin ba nasu ba ne, ko da zuciyarsu tana tafasa. Ba na cewa gasar makaranta za ta kawar da talauci ko ta hana ɗan siyasa sayen ƙwaya ya raba. Amma a cikin taron mutum ɗari, in aka sami biyar da bakinsu ya saba da cewa "wa ya gani?", sau da yawa rai yana tsira.

Kayan aiki suna nan

Tun da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba 1996, garin Gombe ya tara kotuna: na majistare, na yanki, Babbar Kotun Jiha, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, Babbar Kotun Tarayya, sannan a 2020 aka buɗe reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Ranar Asabar ɗakunan nan a rufe suke. Jami'ar Jihar Gombe, da aka kafa a 2004, tana da tsangayar koyon aikin lauya, kuma ɗalibanta za su iya zama masu horar da ƙannensu, su ma su ƙaru. Akwai kwalejin da ke koyar da shari'a a Nafada. Akwai reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, akwai ta mata lauyoyi.

Akwai kuma abin koyi na gida. Mai shari'a Zainab Bulkachuwa ta riƙe muƙamin babbar jojin jihar Gombe a 1997, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya, daga 2014 zuwa 2020. 'Yan matan Kwalejin Doma ya kamata su san haka, su kuma san cewa kujerar ba a sama take ba.

Tsarin gasa kuwa ba sai an koya mana ba. Musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fara a matakin ƙasa a 1986, tana tafiya daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, da alƙalanta da ƙa'idar makinta, kuma a 2024 wata 'yar Gombe ta zo ta ɗaya a gasar duniya a ƙasar Jodan. Jihar da ta iya wannan za ta iya tara ƙananan hukumomi 11 a kan shari'ar gwaji guda.

Inda za a iya ɓata ta

Babban haɗarin shi ne harshe. In aka ce Turanci kawai, an gama: makarantun kuɗi uku ko huɗu za su riƙa karɓar kofi a tsakaninsu, yaran Bolari, Jekadafari, Pantami da Herwagana da ke makarantun jeka-ka-dawo su zama 'yan kallo. Alhali su ne suka fi haɗuwa da ɗan sanda. A bar rukunin kotun alƙali ya gudana da Hausa, kamar yadda yake gudana a zahiri. A rukunin Turanci kuma a shigo da tafinta a matsayin ɗan gasa mai cin maki, tunda tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in bai fahimci harshen kotu ba. A jihar da ake jin Fulatanci, Tangale, Tera, Waja, Bolanci da Tula, shaida ya yi magana da harshen gidansu, wani ɗalibi ya fassara, alƙalai su duba ko ya rage ko ya ƙara. Yaron da ake yi wa dariya don Turancinsa bai nuna ba, sai ga shi da baiwar da ɗan makarantar kuɗi ba shi da ita.

Haɗari na biyu malamai ne masu son kofi, da za su rubuta wa yara komai su ce a haddace. Maganinsa a hannun alƙalan gasa yake: su riƙa katse yaro da tambaya, su ba mai tunani maki fiye da mai zuba. Na uku shi ne ƙorafin iyaye, cewa za a koya wa yara ƙarya da kare ɓarawo. Ƙorafi ne da ya cancanci amsa. A gasar, ƙirƙiro abin da babu shi a kundi laifi ne da ake rage maki a kansa. Abin da yaro yake koya shi ne ya faɗi iyakar abin da hujja ta nuna, ya tsaya a nan. Su kuma shari'o'in, a guji waɗanda za su taɓa addini ko rikicin sarauta, a ɗauko na yau da kullum: ƙwacen waya, shanu sun shiga gona, adashi ya watse, ɓata suna a Facebook.

Kuɗin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: buga kundi, motar kai yara, abincin rana, kyautar littattafai. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2019, an kuma gina azuzuwa. Gasar nan kuwa aiki ne na abin da ake zubawa a cikin azuzuwan.

Kira nake yi ga reshen Gombe na Ƙungiyar Lauyoyi, da Ma'aikatar Ilimi, da ofishin babban jojin jiha da na Alƙalin Alƙalai. Ku zaɓi makarantu takwas a cikin gari, aƙalla biyar na gwamnati, maza da mata, Musulmi da Kirista. Ku rubuta shari'a ɗaya, ku ba kowace makaranta lauya ɗaya da zai riƙa zuwa sau ɗaya a mako, ku buɗe musu ɗakin kotu ranar Asabar, gidajen rediyon gari su watsa zagayen ƙarshe kai tsaye. Zango ɗaya ya isa a gwada. Shugabannin makarantu kuma kada ku jira takarda daga ma'aikata: aji ɗaya, tebur ɗaya da tsohon ɗalibinku da ya zama lauya sun isa ku fara a wannan zangon.